Ulun Mahaifiyar Hajiya

Kowa da yadda ya ɗauki ɗinkin nan nawa, kuma duk sun kuskure. A Maraɗi innata tana gaya wa maƙwabta cewa ɗiyarta na ɗinka wa manyan matan Turawa tufafi a Paris, alhali ni a Rillieux nake, bayan garin Lyon, a ɗan ɗakin da yayana ya ba ni, kekena a matse tsakanin gado da taga. Shi yayana, da ke bincikensa a jami'a a Villeurbanne, gani yake wasa nake yi kafin in koma lakwal in ƙarasa karatun da na bari. Matarsa kuwa cewa take ina tono tufafin matattu. Masu saye su kuma sun ɗauka aikin keke ne, a taka a ja, riga ta fito. Keke shi ne ƙaramin aikin. Sauran guga ne da ɗinkin hannu da warwara, mutum na tsaye har bayansa ya riƙe. Abin da ya fi duka wuya kuma awo ne, kuma ba wanda ya taɓa tambayata a kansa.

Kwat da siket na mata nake ɗinkawa, irin na zamanin kakanninmu, wanda Faransawa ke ce wa tailleur. Kafaɗa a tsaye, ƙugu a matse, ƙasan kwat ɗin ya ɗan buɗe bisa kwankwaso. Takardun yankan, wato patron, a kasuwar tsofaffin kaya nake tsinto su ranar Lahadi. Takarda ce siririya launin ƙasa, mai warin tsohon akwati, in aka buɗe ta da gaggawa sai ta yage a hannu. Wasu ko rubutu babu, sai 'yan huji-huji da za ki zauna ki gane ma'anarsu da kanki.

A wurin goggona na koyi ɗinki tun ina ƙarama. Ita da ido take awo. Za ta dubi mace daga sama zuwa ƙasa, ta ɗauki almakashi, ta bar yalwa a ciki ko Allah zai kawo ƙiba. Rigunanmu sun yarda da haka. Wannan kwat bai yarda ba. An zana shi ne don ya bi jiki, in aka kuskure da faɗin yatsa ɗaya a kafaɗa sai ya tona asiri har gwiwar hannu. Shi ya sa kafin a taɓa yadin kirki ake fara ɗinka na gwaji da akoko, a sa wa mai shi, a gyara da fil da alli.

Da matan Turawa ba na shan wahala. Kafin in gama cewa a cire riga sun cire, sun tsaya mini kamar a ɗakin likita. Ni kuma ba na tauna magana. Na taɓa gaya wa wata malamar makaranta cewa kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka, ta ce shekara nawa tana da miji bai lura ba. A gida ma haka nake. Matar yayana takan ce bakina ya fi almakashina kaifi.

Hajiya a wurin wani suna ta gan ni a Lyon, na sa ɗaya daga cikin kwat ɗina bisa zanen atamfa. 'Yar Damagaram ce, sa'ar innata ko ta ɗan girme ta, ta daɗe tana aiki a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris, kuma lokacin ajiye aikinta ya zo. Ta kama gefen kwat ɗin ta juya, ta duba shafin ciki, ta ce, "Ke kika yi wannan da hannunki?" Bayan mako guda ta kira ni ta ce in zo.

Awa biyu ne a jirgin ƙasa. Na same ta ita kaɗai a falonta. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ashe ta san gidanmu a Maraɗi, ta tambayi inna da goggo da mutanen da ni kaina na manta da su, ta sa na ci shinkafa da miya sai da na ce don Allah. Sannan ta ɗauko hoto. Mahaifiyarta ce, malamar makaranta tun zamanin da mata masu koyarwa a Damagaram ba su da yawa, tana tsaye gaban aji cikin kwat da siket, da ɗankwali a kanta. Sai ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshi cikin tsohon zane, warin kafur ya cika falon.

Ulu ne launin toka mai duhu, mai nauyi, irin wanda hannu ke ganewa kafin ido. Ta ce wata abokiyar aikin mahaifiyarta ce ta kawo mata shi daga Faransa, ta yi ta ajiyarsa sai ta samu telan da ya isa, har Allah ya ɗauke ta ba a ɗinka ba. Hajiya tana so ta sa shi ranar da za a yi mata bikin ban kwana a wurin aiki, kwat da siket, kamar na hoton. Na shimfiɗa shi a ƙasa na duba. Asu ya ci gefe ɗaya, layin naɗi ya koɗe a wurare biyu. Abin da ya rage mai kyau zai isa, amma daidai wa daida. Babu na kuskure, kuma babu kantin da za a je a ƙaro.

"To, auna ni," in ji ta, ta miƙe.

Babbar riga ce ta shadda a jikinta, mai ƙarfi kamar kwali, ga zane ninki biyu a ƙasa, ga mayafi. Na tsaya da mita a hannu. Maganar da nake gaya wa kowace mace ba tare da na ƙifta ido ba tana nan bisa harshena, ta ƙi fita. Yaya zan dubi sa'ar innata, wadda yanzu na gama cin abincinta, in ce ta tuɓe? Na durƙusa na fara da tsawon siket, don shi ne mai sauƙi. Na zagaya mita a ƙugunta bisa shadda da ƙullin zane, sako-sako, ina kallon ƙasa. Da na zo ƙirji sai hannuna ya ƙi ɗaguwa.

"Hajiya, lamba nawa kike sawa?"

"Arba'in da biyu. Tun haihuwar autana ban canza ba."

Na dubi matar nan, idona ya gaya mini ba haka ba ne. Na rubuta arba'in da biyu. A jirgi ina komawa na yi ta rage lambobin da ka, nan in cire na shadda, nan in cire na zane, ina lallashin kaina.

Na ɗinka na akoko cikin kwana biyu. Na kira ta na ce ya kamata ta gwada kafin in yanka ulun. Ta ce tafiyar aiki ta taso mata, sai bayan mako biyu. "Ke dai ɗinka, ɗiyata, na ga aikinki, na yarda da hannunki." Da baturiya ce da na ce mata ba gwaji ba yanka, ta je ta nemi wani tela. Na ce, "To, Hajiya."

Mako uku na yi bisa kwat ɗin kaɗai. Siket aikin kwana biyu ne, na bar nasa yadin a naɗe. Na jiƙa ulun da tururi don ya gama tsukewarsa. Na ɗinke ƙwalar da hannu, ƙananan ɗinki jere-jere har ta koyi kwanciya da kanta. Na yi gidajen maɓalli irin na da, masu baki da yadi, na tsaga aljihu biyu. Irin wannan tsagar in an yi ta an yi ke nan. Na datse rarar yadin da ke cikin ɗinki kamar yadda takardar ta ce, don kada ya yi tudu. Yatsana na tsakiya ya yi kanta, wuyana ba ya juyawa. Matar yayana takan leƙo da tsintsiya a hannu ta ce, "Madam tela, zarenki ya kai har kicin, ko a miya kike so mu ci shi?" In ce ta rufe mini ƙofa. Gaskiya kwat ɗin ya yi kyau. Ban taɓa yin wanda ya kai shi ba, amma duk lokacin da na dube shi sai in tuna ba a gwada na akoko ba.

Ranar gwaji na kai shi Paris cikin jakar rataya, na hana kowa ya jingina da shi a jirgi. Hajiya ta karɓa ta shiga ɗaki. Ta daɗe. Da ta fito, gaban kwat ɗin bai haɗu ba, tazarar tafin hannu tsakanin maɓalli da gidansa. Ƙugun ya sauka ƙasa da inda nata yake, aljihun sun wage baki. Ta ja, ta riƙe numfashi, ta sake ja.

"Ba a iya saki kaɗan?"

"Babu abin saki. Na datse."

Ta zauna bisa hannun kujera da kwat ɗin a jikinta, tana shafa ƙwalar da yatsa. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ni kuma gajiyar mako uku ta taso mini gaba ɗaya, bakina ya buɗe da kansa.

"Laifina ne, Hajiya, ban auna ki yadda ya kamata ba. Amma ke ma ba arba'in da biyu ba ce. Kin wuce nan da daɗewa."

"Ke! Ji mini yarinya!" Ta zare mini ido. "To tun da kin gani, me ya hana ki faɗa ran nan?"

"Kunya."

"Kunya? Likitan da ke duba ni sa'an ɗana ne, ko gemu bai gama fito masa ba. Ke da na damƙa wa kayan uwata, ke ce mai kunya? An gaya mini ba ki barin ta kwana, ashe a kan Turawa kawai kike da baki."

Ta miƙe ta ja labulen taga, ta cire kwat ɗin ta ninke shi a hankali, ta cire sauran har ya rage 'yar shimi. "Bismillah. Auna, kuma ki matse mitar."

Na auna. Mace ce kamar kowace mace mai shekaru, kafaɗar dama ta sauka saboda jakar aiki, ƙugu ya hau sama. Minti goma ya ɗauka. Na rubuta lambobin kusa da na farko, na ji kamar in yaga shafin.

Na gaya mata yadda abin yake, ban rage ba. Baya da hannuwa za su tsira in na ciro ƙyalle daga tsohon gaban na ƙara ƙarƙashin hammata. Gaban biyu kuwa sun mutu, sai an yanka sababbi. Yadin da ya rage na siket zai ba da gaba biyu, ko ya ba da siket. Ba zai ba da duka ba.

Ta ɗauki hoton ta daɗe tana kallo. "Ita da siket ɗinta," ta ce, ba da ni take ba. Sai ta ajiye shi ta kife. "Ke ce tela. Ni na gaji. Kwana goma sha biyu ya rage kafin bikin, ki yi abin da kika ga zai yiwu." Duk da haka sai da ta zuba mini dambun nama a leda in kai wa yayana.

Na ɗauki jirgin la'asar. Gonaki na ta wucewa, kwat ɗin na bisa cinyata, wuyana na ciwo. Abin da Hajiya ta so, na riga na hana ta shi, ba dabarar da za ta maido. Kafin mu iso Lyon na yanke shawara. Kwat zan ceto. Zan yanka sabon gaba daga yadin siket, in sayo baƙin ulu sabo in yi mata siket da shi, in gaya mata ƙiri-ƙiri cewa ba na mahaifiyarta ba ne. Amma gobe akoko zan fara yankawa da sababbin lambobin, jibi in koma Paris da fil da alli. In ta ce tana da taro, zan zauna a ƙofar ofishinta har ta fito ta sa shi a gabana. Sai na ga ya haɗu a jikinta da idona sannan almakashi zai sake taɓa ulun.