Makullin Babur a Kan Sifika

Kullum shi ne yake fara buɗe ɗakin haɗa sauti. Zai jingine babur ɗinsa a ƙarƙashin bene, ya gaisa da mai gyaran waya da ke shagon ƙasa, sannan ya hau. Kafin ya kunna kwamfuta sai ya goge maɓallan na'ura da tsumma, ya buɗe taga ɗakin ya sha iska. Daga nan ya ciro makullin babur ɗin daga aljihu ya ɗora a kan sifika. To, aiki ya fara. Tun ina firamare haka yake yi.

Mawaƙa suna kiransa Kawu Dum. Ba a ambaton sunansa a cikin waƙa, ba a sa hotonsa a bango. Amma idan kun taɓa zama a mota, ganga ta sauka kuka ji ta a haƙarƙarinku kafin ta iso kunne, akwai yiwuwar ta bi ta hannunsa. Aikinsa ke nan: ya karɓi gangar da kwamfuta ta haifa, marar jini, ya sa mata nauyi.

Makullin nan shi ne alƙalinsa. Idan ganga ta sauka daidai, zai yi tsalle sau ɗaya ya zauna. Idan ya kama karkarwa, to wutsiyar gangar ta yi tsawo, ita da bes, wato sautin nan mai kauri na ƙasa, suna kokawa a wuri ɗaya.

Mai gyaran waya ya ba ni labari cewa Kawu ba ya sallamar waƙa sai ya sauko ya ce, "Ba ni wayar da ta fi kowace lalacewar sifika a shagon nan." A kanta zai saurara, don ya ce masu saurarenmu ba a sutudiyo suke zaune ba. Wani mawaƙi kuma ya rantse min cewa gangar waƙarsa da ta zagaye gari, ƙarar biro ce a samanta. Kawu ne ya ƙwanƙwasa biro a tebur, ya naɗa, ya ɗora a kan gangar don ƙananan wayoyi su iya fito da ita.

Ranar da na zo da shaidar karatuna ta haɗa sauti, mazan da ke wurin dariya suka yi. Ɗaya ya ce, "Mace a kan na'ura? Ai sai ganga ta fito da jan-baki." Ban koma gida ba. Ba tausayi na zo nema ba, kujera na zo nema.

Kawu ya tura min kujerar da ƙafa. "'Yar boko, zauna mu ji."

Don in rufe musu baki, na murɗa ƙarar gangar har fitilar na'ura ta yi ja. Makulli ya kama rawar ɗari.

"Kin gan shi? Tsoro kika ba shi, ba tsalle ba," in ji Kawu. "Ganga ba ta son ihu, wuri take so. Ki sa bes ya sunkuya duk lokacin da za ta wuce. Ki datse mata wutsiya. Idan kin haɗa ganga biyu, mai kaifin sauti da mai nauyi, ki tabbata tare suke taka ƙasa, in ba haka ba cinye juna za su yi."

Duk na san sunayen waɗannan abubuwa daga aji, shi kuwa ya sa min su a kunne. Da muka gama sai ya matso ya ce, "To ni ma nuna min sabuwar manhajar nan taku, ta hana ni sakat."

Abin da ban sani ba shi ne kunnensa na hagu ya riga ya mutu, na daman kuma ya fara yi masa fito a ciki. Likita ya gaya masa ya bar ɗakin nan ko ya rasa shi ma. A bakin matarsa na ji, wata rana da ta hawo benen da tsakar rana tana haki.

"Baban yara, so kake jikarka ta kira ka kana kallon bakinta kamar kifi?"

"Saura kaɗan, Hajiya. Yarinyar nan ta kusa nuna."

"Mangwaro ce? Ka tashi mu tafi!"

Bai tashi ba. Mai sutudiyon ya riga ya ce idan Kawu ya tafi, namiji zai ɗauko daga waje. Kawu ya ce ba inda za shi sai an ji hannuna. Daga ranar na san cewa duk kuskuren da na maimaita, da kunnensa ake biya. Na daina jin habaicin maza kwata-kwata. Na roƙe shi ya riƙa toshe kunne da auduga, ya yarda. Sai ya zauna a gefena, tafin hannunsa a kan tebur, idonsa a kan makulli. Idan na ɓata, ya girgiza kai. In sake. In sake. Akwai ranar da na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na sake.

Kai ne, Kawu, ka zauna watanni a cikin ƙarar da ke cin ragowar jinka, don kada a ce mace ba ta iya ba. Kai ne mai sa ƙarfe tsalle ba tare da ka ɗaga murya ba. Har yau idan na tuna, tsigar jikina tashi take yi.

Ranar gwaji, mai sutudiyo ya kawo waƙar rawa ya tsaya a bakin ƙofa, masu dariyar nan suna bayansa. Na haɗa, na danna. Ganga ta sauka. Makulli ya yi tsalle sau ɗaya ya zauna. Ta sake sauka, ya sake. Mai zancen jan-baki na gani yana kaɗa kai bai sani ba.

Kawu ya ɗaga hannunsa daga tebur ya ce, "Ta doku." Ya dubi mai sutudiyo, shi kuma ya gyaɗa kai. Sai Kawu ya miƙe, ya ɗauke makullin ya jefa a aljihu.

Na ce, "Kawu, ba za ka bar min shi ba?"

"In tafi gida a ƙasa? Nemo naki."

Na gode, Kawu Dum. Allah Ya tsare maka kunnen da ya rage, Ya saka wa Hajiya da ta jure mu. Ku manya da ke kan kujeru, ku dubi wanda ke tsaye a bayanku, ko da mace ce, ku tura masa kujera tun kuna ji kuna gani. Ku kuma mawaƙa, ku riƙa faɗin sunan wanda ya sa ƙirjin mutane ya amsa waƙarku.

Yanzu makullin ɗakina ne a kan sifikar. Kwanan baya na kira Kawu a waya, jikarsa tana tsala kuka a bayansa. Na ce, "Kawu, kana jin ta kuwa?"

Ya ce, "Sarai. Wutsiyarta ce ta yi tsawo."