Kafin Wuƙa Ta Sauka

Aikin makarantar 'yata ya fi tuƙin keke mai ƙafa uku na haya wahala. Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare aka ɗora wa littafin Turawan da suka mutu tun ba a haifi kakana ba. Shekarun nan ne da dokar hana fita take korar mu gida tun rana ba ta faɗi ba. Sai in ajiye keken, in zauna a tsakar gidanmu na unguwar Moduganari ba abin yi. Nan 'yar tawa ta ritsa ni.

Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. Tana ajin ƙarshe a sakandare. Malamin adabinsu ya ba su fitowa ɗaya daga wani tsohon wasan kwaikwayo, irin wanda kowa ke mutuwa a ƙarshe, ya ce su yi sharhi a kai, kuma kowa ya nemi wani a gida su karanta a bayyane.

"Baba, kai ne maci amana, ni ce jarumin."

"Duk gidan nan ni na yi miki kama da maci amana?"

"Mama tana tuƙa tuwo."

Tana karantawa da Turanci, tana juya mini da Hausa, ina maimaitawa kamar aku. Wani mayaƙi ne aka kashe masa ɗan'uwa. Ya gano wanda ya nuna wa makasan ƙofa, sai ya gayyace shi cin abinci. Suna ci yana ba shi labarin mamacin a hankali, ga wuƙa a gefen akushi. A ƙarshe ya soke shi.

Tun muna tsakiya na tuna da ƙanena. Ƙanena tela ne, yana ɗinka duk abin da aka kawo, har da kakin ma'aikata. Wata safiya yaran daji, 'yan tayar da ƙayar bayan nan da ba sa ƙyale mai ɗinka kaki, suka harbe shi a ƙofar gidansa. Matarsa tana bayan ƙyaure, ta ji muryar da ta ce "ga gidan nan". Muryar mai shagon kan kwanarmu ce, wanda suka daɗe suna rigima da ƙanena kan filin gaban shago. Yanzu rumfarsa ta kai har inda keken ɗinkin yake a da. Kullum na wuce sai ya ɗaga mini hannu ya gaishe ni ya ce "wushe", in amsa.

A lokacin samarin unguwa sun ɗauki gora suna zaƙulo masu taimakon yaran daji. Ka nuna mutum da yatsa, an tafi da shi ke nan, kuma ba kasafai ake dawowa ba. Na yi wata da watanni ina tauna maganar nan. Ranar karatun ma na riga na yanke cewa gari na wayewa zan nuna shi. Uwata ba ta san komai ba, ta dai san an kashe baffanta.

Ta ɗauki biro. "Malam ya ce mu faɗi inda fitowar ta fi ƙarfi. Ni zan rubuta wurin da ya soke shi."

"Ba nan ba ne."

"Ai nan jini ya zuba, Baba."

"Koma inda aka miƙo mini nama. Me na ce?"

Ta duba. "Ka ce ka ƙoshi. Sai ka nemi ruwa. Can ƙasa ka sake neman ruwa."

"To kin gani. Ya gane. Yana haɗiyar loma yana kallon wuƙa, bai san ko zai kai ga ta gaba ba. Nan ake kashe shi. Da aka soke shi ai hutawa ya yi. Jarumin naki kuma wawa ne, ya sami abin da zai ci shekara ya cinye a zama ɗaya."

Ta ajiye biron tana kallona. "Malam ya ce darasin shi ne ramuwa tana cin mai yin ta."

"Malamin naku an taɓa kashe masa wani?"

"An kashe masa ɗa bara."

A garin nan ba ka da wanda za ka yi wa gorin gawa. Can na ce, "To shi ya san tasa. Rubuta abin da na faɗa, ki cire zancen wawan kada ya rage miki maki."

Ta rubuta. Ta ce mu sake karantawa daga farko, na ce na gaji.

Washegari bayan an buɗe hanya na tayar da keken. Samarin gora suna zaune a kan tayoyi a bakin layi. Na tsaya, muka gaisa, na tambaye su aiki, na wuce. Na ajiye keken daidai rumfar mai shagon, inda za su riƙa hango mu, na zauna a bencinsa. Tun rasuwar ban taɓa zama nan ba.

Yana auna wa wata mata sukari. Na jira ta tafi. Sai na fara ba shi labarin ƙanena, yadda yake saka allura a baki yana magana, yadda ya taɓa ɗinka masa babbar riga ta sallah. Yana ta cewa Allah ya jiƙansa.

"Amin," na ce. "Matarsa tana bayan ƙyaure ranar, maƙwabci. Ta ji muryarka."

Gwangwanin awon ya suɓuce masa, sukari ya watse a kan tebur. Ya dubi samarin, ya dube ni.

"Ban gaya musu ba. Yau ma ba zan gaya musu ba. Gobe zan zo mu sake gaisawa."

Na miƙe, na karkaɗe rigata, na shiga keke na nufi Kasuwar Litinin neman fasinja.