Kekuna Talatin da Ɗaya na Anti Magrieta

Duk wanda ya shiga gidan Anti Magrieta Koopman a nan Willowmore sai ya yi tafiyar kaikaice, don babu hanya. Kekunan ɗinki talatin da ɗaya ne a ciki. Akwai baƙaƙe na da masu zanen fure ruwan zinare, waɗanda ake juyawa da hannu, akwai na takawa da ƙafa, akwai farare uku na zamani masu allo kamar waya, ɗaya ma har kuka yake yi in zare ya ƙare. Biyu suna ƙarƙashin gado, ɗaya a kan firji. Baƙi kan ce wannan baiwar Allah tana son ɗinki. Ni da katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin da shida, kuma muke zama tare duk Alhamis muna haɗa bargon ƙyallaye, na san ba so ne ya tara su ba. Haushi ne, kuma da bakina aka hura wutar.

Mahaifiyarta, Ouma Lenie, wato Kaka Lenie, ta shekara talatin tana wanki da guga a wata gona a bayan gari. Da za ta bar aiki, matar mai gonar ta sallame ta da wani tsohon keken hannu ɗan Jamus da ya daɗe a sito. A kansa Ouma Lenie ta ɗinka wa kowane jariri na danginsu bargonsa na farko, daga tsofaffin kayan 'yan gida, rigar aikin uba, siket ɗin uwa, ɗankwalin kaka. A cikin wannan bargon ake kai yaro coci ranar baftisma. Wanda ba a naɗe shi a ɗinkin keken Ouma ba, a wurinsu bai gama shigowa dangi ba.

Magrieta nas ce a asibitin gari, ba ta taɓa aure ba. Da ɓarin jikin tsohuwar ya shanye, ita ta yi jinyarta shekara shida, ta juya ta, ta wanke ta, ta ba ta abinci a baki, duk Lahadi kuma ta sa wa keken mai a gaban idonta don hankalinta ya kwanta. Yayarta Filida tana aure a Uniondale, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Sai Kirsimeti take leƙowa, da gwangwanin biskit da shawarwari.

Ranar jana'iza, muna zauren coci muna zuba wa mutane shinkafa da naman tunkiya, Hermanus mijin Filida ya ciro makullin gidan daga ƙarƙashin tukunyar fure ya ɗora keken a bayan a-kori-kurarsa. Da idona na ga motar ta wuce da wani abu lulluɓe, na ɗauka kujeru ne. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Abin da ɓarayin ba su sani ba, keken ba ƙoshiya a cikinsa. Ƙoshiyar ita ce ɗan ƙarfen nan mai kama da kwalekwale da ke ɗauke da zaren ƙasa, in babu ita allura za ta yi ta hawa da sauka ne a banza. Magrieta ta cire ta tun kafin rasuwar ta jiƙa a kananzir don ta wanke. Bayan mako guda waya ta yi ƙara ina zaune a kicin ɗinta. Filida ce, wadda Magrieta ke kira Ousus, wato babbar yaya.

"Magrieta, keken nan ba ya ɗinki. Ina ƙoshiyar?"

"Ina kwana, Ousus. Kun isa gida lafiya da kayan sata?"

"Ki iya bakinki. Ni ce babba, keken Mama hakkina ne."

"To babba, ki zura girman naki a ciki ya ja miki zaren ƙasa."

Ta ce in Filida ta dawo da keken da hannunta, ta ajiye inda aka ɗauke shi, sai su yi magana. Sannan ta kife wayar ta zuba mana shayi. Ni ce na tuna mata cewa ai ba keken Ouma ne kaɗai irinsa a duniya ba, gonaki cike suke da su, in Filida ta samu ɗaya za ta ciro ƙoshiyarsa ta sa. Magrieta ta dube ni ta ce, "Ba za ta samu ba."

Daga nan muka zama 'yan gwanjo. A shekarun nan tsofaffin manoma suna ta sayar da gonaki suna komawa wajen 'ya'yansu, kusan duk wata sai an buga ƙararrawa a wani gida. Ni ke tuƙi, don ita ba ta da mota. Duk inda aka ce akwai baƙin keken Jamus mai ƙoshiyar kwalekwale, muna can kafin mai gwanjon ya gama karyawa. Ba a jima ba Hermanus ya fara bayyana, da hularsa mai faɗi da tumbinsa, ya tsaya can baya yana ɗaga hannu. Ya ɗaga, ta ɗaga. Ya ƙara, ta ƙara. Bai taɓa cin ta ba ko sau ɗaya, kuma duk lokacin da guduma ta sauka sai ta juya ta ce masa, "Ka gaida Ousus."

Sau ɗaya kawai abin ya fi ƙarfin aljihunta, don wasu masu masaukin baƙi daga birni sun zo suna neman abin ado. Tun ana zagayen duba kaya ta ce in tsaya a gabanta in baza siket. Na baza. Ta zame murfin keken, ta ciro ƙoshiyar, ta tura cikin rigar mama, ta miƙe tana gyaran tabarau kamar matar fasto. Na san zunubi ne, na kuma ji daɗinsa har cikin raina.

A hankali abin ya wuce na Jamus. Ta ga wani keke ɗan Ingila mai kyau ta ce ba za ta bar shi a mai da ƙafafunsa teburin shan shayi ba. Ta koyi kwance su da ɗaurawa, har mutane suka fara kawo mata nasu gyara. Da ta yi ritaya ta sayi na zamani, ta zama gwana, bargunanta suka riƙa cin kyauta a baje kolin gunduma. Amma ƙoshiyoyin daban take ajiye su, guda goma sha huɗu a jere cikin akwatin cokula, ta Ouma ita ce ta farko. Duk sanda labari ya zo cewa an yi haihuwa a gidan Filida, sai ta buɗe akwatin ta ƙirga ta rufe. Jikoki uku aka haifa. Ba a gayyace ta baftisma ba, ita ma ko safar jariri ba ta aika ba. Ta kan ce mini, "Su naɗe shi a bargon kanti. In ya girma ya tambayi kakarsa dalili."

Shekara goma sha bakwai muka yi a haka. Bara aka yi babban baje kolin barguna a Oudtshoorn, muka je da na Magrieta guda biyu. A ƙarshen zauren an ware wani lungu na bargunan iyali, waɗanda ba gasa suka shiga ba. Muna wucewa ta tsaya cak. Wani ɗan bargon jariri ne, ɗinkinsa ma ba wani abin a zo a gani ba, kusurwoyin ba su haɗu daidai ba. Amma a tsakiyarsa akwai shuɗin yadi mai fararen ɗigo, rigar cocin Ouma Lenie.

Mu masu wannan ɗinki ba ma gama bargo sai mun manna ɗan ƙyalle a bayansa mun rubuta wadda ta yi, da wanda aka yi wa, da shekara. Magrieta ta sa farar safar hannun da ake ba masu kallo ta ɗaga gefen. Na leƙa ta bayan kafaɗarta. An rubuta cewa Filida Stuurman ce ta ɗinka a kan keken mahaifiyarta. Shekarar kuwa, goma sha ɗaya baya.

"Ki duba da kyau, kada ki ce ƙarya na rubuta."

Filida ce, zaune a kujerar roba a gefe, ta yi ƙiba, sanda a jingine a gwiwarta, tana cin kek a takarda. Magrieta ta juya bargon ta bi layin ɗinkin da yatsa. Ta san ɗinkin keken nan kamar yadda ta san muryar uwarta, ba ta yi musu ba.

"A ina kika samu ƙoshiya, Ousus?"

"Surukina ya sayo ta waya daga ƙasar waje. Ko kuɗin kaza biyu ba ta kai ba. Mako uku ta iso gidan waya."

"Hermanus fa? Har shekarar da ya rasu yana zuwa gwanjo."

"Ni ke tura shi. Ina ce masa ya yi ta ɗaga hannu, amma kada ya kuskura ya saya." Ta karkaɗe garin kek daga cinyarta. "Na ji an ce har kan firji kin ɗora. Ina kike kwana ne, ƙanwata?"

Na buɗe baki zan wanke ta tas, don maganganun da na tara mata sun fi kekunan yawa. Sai wata yarinya doguwa, 'yar shekara goma sha ɗaya, ta iso da kofin shayi ta miƙa wa Filida. Ta dubi hannun Magrieta a kan bargon ta ce, "Nawa ne, a cikinsa aka yi mini baftisma." Sannan ta juya wajen kakarta. "Ouma, wace ce wannan Antin?"

Filida ta kurɓi shayinta, ta dubi ƙanwarta tun daga sama har ƙasa, ba ta yi gaggawa ba.

"Wata mata ce mai tara kekuna."

Ban yafe wa Filida wannan maganar ba, kuma ba zan yafe ba, ko fasto ya zo da kansa. Sata ta yi ranar da aka binne uwarta, ta kuma zauna a kujerar roba tana cin kek kamar ita aka zalunta. Amma ni ce na ce a bi gwanjo, wannan ma ban manta ba.

Magrieta ta cire safar ta ninke ta ajiye a kan tebur, muka fita. Ko bargunanta ba ta tsaya ɗauka ba, daga baya aka aiko mana da su. Mun yi nisa a hanya, rana tana dukan gilashi. Sai da muka wuce De Rust ta yi magana, idonta a kan titi.

"Kin ga goshin yarinyar nan? Na Mama ne sak."

Na ce na gani.

"Me aka rubuta sunanta a bayan bargon? Ni shekarar kawai na duba."

Na yi ta lalube a kaina har muka iso gida. Ni ma shekarar na duba.