Takardun Malam a Turmi

Ku matso kusa, ku gyara zama, mai goyo ta lallaɓa goyonta. Ga ta nan tafe gare ku, kuma wannan a tsakar gidana aka yi ta, da rana tsaka, maƙwabta suna gani. Ni nake faɗa, jikata take rubutawa, don ni ban taɓa riƙe biro ba.

Tun ina yarinya a Ringim mahaifinmu ya hore mu da abu guda. In ka ga takarda a ƙasa, ka ɗauke ta, ka kaɗe ta, ka soke ta a jikin danga, domin ba ka sani ba ko sunan Allah yana jikinta. Masu karatu suna dubawa su gane wadda za a ɗaga da wadda za a bari. Ni kuwa ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Sai na ɗauki hanyar da ba zan yi kuskure ba, kowace takarda na gani ɗagawa nake yi.

Allah kuma ya haɗa ni da mutumin takarda. Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne. Da aka mayar da aikinsu Dutse muka tattaro muka sauka a Yalwawa, a lokacin unguwar duk gonaki ne da tsirarun gidaje. Kullum ya dawo daga aiki aljihunsa cike yake. In zan yi masa wanki sai in zazzage, in miƙar da kowace a kan cinyata, in adana. Rasit ɗin wuta, katin asibiti, takardar albashi, har 'yar takardar nan da ake naɗewa a cikin kwalin magani. Akwatin ƙarfe ya cika, na koma buhun taki. Buhuna suka cika, na koma tsofaffin kwallaye. Yakan yi dariya ya ce ofishinsu ma bai kai ni adana ba. Da ya rasu sai na tura komai ɗakinsa na ja ƙofa, na bar su tare da gara da ɓeraye.

Gida ya yi mini faɗi. Yara duk sun watse, kowa da inda Allah ya ajiye shi. In na idar da sallar la'asar babu wanda zan ce wa ya miƙo mini buta.

Ana nan sai 'yar babban ɗana ta sami gurbin karatu a jami'ar Dutse. Wannan yarinya sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata. Na aika wa ubanta cewa a gidana za ta zauna. Shi kuwa mai sayar da hatsi ne a Ringim, mutum ne mai magana ɗaya. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata ya gaishe ni, sannan ya leƙa ɗakin mahaifinsa. Ko ƙafarsa bai iya sakawa ba.

Ya ce, "Inna, a nan za ta yi karatu? Ai ko kaza ba ta sami wurin kwanciya ba. In ba a kwashe ɗakin nan ba kafin a buɗe makaranta, ɗakin kwanan ɗalibai zan kama mata."

Ɗan fari ne, ba na sa ido a idonsa, ba na kuma jayayya da shi kai tsaye. Sai na juya wajen yarinyar na ce, "Uwata, gaya wa wancan mutumin ya bar mini ke. Ya dawo ya gani."

Ya bar ta, ya tafi.

Washegari da hantsi muka buɗe ɗaki. Muka yi ta jan buhuna zuwa tsakar gida, kyankyasai suna gudu, ita tana tsalle tana ihu. Da muka gama fitarwa ta riƙe ƙugu ta dubi tulin, ta ce, "Ƙawata, wannan ai aikin mai kura ne. A kira shi ya kai bola mu huta."

Na ce, "Bola? Inda awaki suke kiwo, inda ake zubar da ruwan wanke-wanke? Ba da raina ba."

"To ya za a yi da su? Dafa su za mu yi?"

Na ce ta zauna ta ware mini masu sunan Allah gefe guda. Sauran akwai mai ƙosai a bakin titi, kullum tana neman takardar ƙunshi, mu ba ta mu sami lada.

Ashe maƙwabciyata tana jin mu ta kan katanga. Mutuniyar Filato ce, Kirista, tana aiki a sakatariya, mun daɗe muna zaune lafiya. Maman 'yan biyu muke ce mata. Ranar babu aiki, sai ga ta ta shigo da ɗaurin ƙirji da zani a kafaɗa.

Ta ce, "Mama, kada ki soma. Kwanan baya na sayi gyaɗa, ina warware ƙunshin sai ga hoton wani bawan Allah yana kallona, ga lambar wayarsa, ga lambar asusunsa na banki, ga sa hannunsa. Irin wannan 'yan damfara suke nema. Su kira ki su ce daga ofishin fansho ne, su faɗa miki sunan Baba da lambarsa ta aiki, ke kuma ki yarda tunda sun san komai."

Ban tsaya ma a kan 'yan damfara ba. Abin da na hango shi ne fuskar Malam an ɗora mata ƙosai mai zafi, mai yana ratsa hularsa, a cinye a yar a kwata. Na ce mai ƙosai ta yi haƙuri.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, muka ajiye kwanduna uku. Maman 'yan biyu tana duba na Turanci, Uwata tana duba na Hausa da na Larabci, ni ina miƙo musu. Kwando na farko na abin da ba a rabuwa da shi ne, takardar filin gidan nan, ta fansho, da shaidar haihuwar yara. Na biyu na masu aya ko addu'a ko bisimilla. Na uku na sauran, masu suna da lamba da sa hannu waɗanda amfaninsu ya wuce. Aikin ya ɗauke mu kwanaki, in Maman 'yan biyu ta dawo daga ofis ta shigo, in ta makara mu jira ta.

A nan ne asirina ya tonu. Akwai wata takarda da na fi girmamawa duk cikin gidan. Malam ya dawo da ita daga aikin Hajji, rubutun Larabci ne tsaf, layi-layi. Na naɗe ta a farin ƙyalle, na sa ta a saman kabad, ba na taɓa ta sai da alwala, duk sallah ina yi mata turare. Na tashi na yi alwala na ɗauko ta da hannu biyu, na ce wa Uwata ta karanta mini, in san addu'ar da ke tsare gidana shekara da shekaru.

Ta warware ƙyallen. Ta duba. Sai na ga kafaɗunta suna rawa.

Na ce, "Kuka kike yi?"

Ta faɗi a kan tabarma tana riƙe ciki. Da ƙyar ta ce, "Ƙawata, bayanin dutsen guga ne! An ce kada a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, kuma a zare shi daga wuta in an gama."

Maman 'yan biyu ta yi ta dariya har da hawaye, tana cewa, "Mama, yi haƙuri, wallahi ba ke nake yi wa ba." Ni kuwa na gyara zama na ce, "To ai ta yi aikinta. Tun da take gidan nan wuta ba ta taɓa jan kowa ba." Daga nan ni ma na kasa riƙewa. Rabon tsakar gidan nan da irin wannan dariya tun Malam yana da rai.

Da aka gama warewa sai batun yadda za a rabu da su. Na aika aka tambayo mini limamin unguwa a kan kwando na biyu. Ya ce a ƙona su a wuri mai tsarki, a binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Na sayo sabon kasko na yi haka, na binne tokar a lungun da ke bayan zogale, na jera duwatsu a kai. Waɗannan ba su da yawa.

Kwando na uku shi ne ya zama buhuna. Muka gwada ƙonawa a tsohuwar garwa. Takardun sun sha danshin damina, sun manne da juna, sai hayaƙi kawai suke yi, gefe ya ci tsakiya ya ƙi. Iska ta taso ta ɗauki wata rabin-ƙonanniya ta tsallake katanga da ita. Can sai ga Maman 'yan biyu ta dawo da ita a hannu, ta ce a kan shanyarta ta sauka, kuma lambar Baba tana nan ɓaro-ɓaro. Uwata ta zauna ta yi tagumi, idonta ya yi ja da hayaƙi. Ta ce, "Shi ke nan, babana zai zo ya tarar da mu a haka."

Na daɗe ina kallon tulin nan. Karanta takarda ban iya ba, amma na sha wanke rigar Malam da takarda a aljihu ban sani ba, na kuma ga yadda take fitowa kamar dusa. Na ce a cika mini manyan robobi da ruwa.

Kafin mu jiƙa, na sa aka ciccire duk hotunan da ke manne a jiki. Na sami Malam yana saurayi da siririn wuya, na same shi ya fara furfura, na same shi da tabarau. Na jera su a tafin hannuna. Sa hannunsa kuwa na san shi ko da ban iya karatu ba, yana da wata jela da yake ja a ƙarshe kamar ta ƙadangare. Na ce wa Uwata ta yanko mini guda ɗaya. Sauran na yi bisimilla na tura su cikin ruwa da hannuna.

Suka kwana biyu suna jiƙa. Sannan na fito da tsohon turmina, wanda na daina daka abinci a ciki tun da ya tsage. Na fara daka, ƙarfina bai kai ba. Uwata ta karɓa, taɓarya tana neman kayar da ita. Na ce, "'Yar jami'a, haka za ki yi wa mijinki fura?" Ta ce injin niƙa zai aura. Ƙarar turmi ta jawo matan unguwa. Wata Bafulatana mai kawo mini nono ta ajiye ƙwaryarta ta ce, "Hajiya, yau me ake dakawa babu ƙamshi?" Na ce albashin Malam. Ta karɓi taɓarya, wata ta ɗauki ta biyu, suka shiga lugude, suna jefa taɓarya sama suna tafi. Maman 'yan biyu ta ce a garinsu ma ana daka, ta shiga layi. Aka yi guɗa. Wanda ya wuce ta ƙofar gida sai ya zaci suna ake yi.

Kafin azahar babu harafi guda da ya rage. Duk sun zama dunƙule-dunƙule masu launin toka, ko malamin malamai ba zai karanta komai a jiki ba. Uwata ta ce yanzu dai a kira mai kura. Na ce a'a. Katangar bayan ɗakin Malam ta ƙasa ce, damina ta zaizaye ta, dama ina neman ciyawar ramno da za a cuɗa da ƙasa a yi mata yaɓe. Na kira magini na nuna masa. Ya murza a hannu, ya ce bai taɓa yi da irin wannan ba amma zai gwada. Ya kwaɓa da jar ƙasa, aka tattake, ya yaɓe katangar. Ta bushe sumul, ko tsaga babu.

Muka share ɗaki, aka toshe ramukan ɓeraye, aka yi farar ƙasa. Na sa aka shigar da gado da teburin Malam. Abin da ya rage na takardu duka ya shiga jakar leda guda mai zif, na sa a akwatina, makullin yana bakin zanina.

Da babban ɗana ya dawo, ya tsaya a ƙofar ɗakin, sannan ya shiga, ya buɗe taga, ya fito. Ya ce, "Inna, ina takardun Baba?"

Na ce, "Uwata, gaya wa wancan mutumin ya jingina da katangar baya, zai ji su."

Ta ba shi labari tun daga mai ƙosai har dutsen guga. Mutumin da ba a cika ganin haƙoransa ba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya je ya shafa katangar da tafin hannunsa, ya yi wa mahaifinsa addu'a. Sannan ya fita ya sauko da katifar 'yarsa daga mota. Ashe da ita ya zo.

To, ga inda kowa ya kwana. Uwata tana ɗakin har yau, da safe ta hau adaidaita ta tafi makaranta, da yamma ta dawo ta miƙo mini buta tana tsokanata. Duk takardar da ta shigo gidan nan sai ta karanta mini kafin in ɗaga ta. Ubanta ya kwaso tsofaffin rasit ɗin shagonsa ya kawo wai a daka masa, na ce ya kai wa matarsa, turmina ya yi ritaya. Maman 'yan biyu an ƙara mata girma a wurin aiki, kuma in ta sayi gyaɗa har yanzu sai ta duba ƙunshin. Bafulatana tana kawo nono, tana tambaya ko akwai sauran albashi. Mai ƙosai ban bar ta haka nan ba, na ba ta kwallayen da suka zama fanko. Takardar dutsen guga ita kaɗai aka yi wa afuwa, Uwata ta manna ta a bangon ɗakinta. Katanga ta ga damina ta wuce, tana nan tsaye. Ni kuma in rana ta yi sanyi nakan ja tabarmata in jingina da ita, in ja carbina. Tawa ta tsaya nan, ku tashi ku kama aikinku.