Mai Cizon Roba

Shekara ashirin da biyu Mai Niƙa ya yi yana niƙa tsofaffin robobi a wata rumfar kwano da ke bayan kasuwa. Fasassun bokitai, karyayyun kujeru, jarkoki, duk injinsa ya mai da su tsaki-tsaki a cika buhu. Kafin a tashi aiki girarsa ta yi fari fat da ƙura, har matarsa kan tsokane shi wai da safe ta sallami saurayi, da yamma a dawo mata da tsoho.

Inda ya yi suna kuwa wajen tantance roba ne. Wasu sai sun ƙona sun shinshina kafin su san irinta. Shi ko ya ɓantaro, ya ciza, ya ɗan tauna, shi ke nan ya gaya maka. Da ya ɗauko ƙaninsa aiki, abin da ya fara koya masa ke nan, har yana yi masa dariya in ya ga yana tofarwa.

Wata Talata da hantsi ƙanin ya dafe ƙirji ya sulale a gefen injin, mutumin da ko arba'in bai cika ba. A asibiti aka ce jijiyar zuciya ce ta toshe. Likitar ta tambayi Mai Niƙa sana'arsu, da ya faɗa sai ta ajiye biro. Ta ce masu bincike sun fara ganin ɓurɓushin roba, wanda ido ba ya gani, a cikin kitsen da ke toshe jijiyoyin wasu, amma ba a tabbatar shi ke jawo ciwon ba. Ya tambaya ko akwai maganin da zai wanke shi. Ta girgiza kai. Maganar cizon kam bai yi ta ba, tsoro ya hana shi.

Ya fito baranda. Matar ƙanin ta taso daga benci, goyo a baya, idanu jawur.

"Yaya, me ta ce ya jawo masa?"

Ya dubi ƙofar ɗakin da ƙanin ke kwance, an jona masa wayoyi a ƙirji.

"Ta ce ba a sani ba tukuna."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce tun ɗazu take zargin kanta, ko ita ce take cika mai a girki. Sannan ta rusuna tana yi masa godiya, wai ba don shi ba, da mijinta bai da sana'a.