Kawunan da Mama Take Ginawa

Duk lokacin da na ji ƙamshin ɗanyar citta da aka tsaga aka shanya, bayan ɗakinmu na Kwoi nake tunawa, da Mama zaune a kan kifaffen turmi, hannunta dumu-dumu da yumɓu.

Malamar firamare ce. Aji ɗaya aka ba ta, amma yaran sun isa a raba su biyu, wasu a benci, wasu a ƙasa. Takan dawo murya a dushe, alli har a gashin ido, ta ɗora tukunya, ta leƙa gona. Sai Asabar da yamma take samun kanta. Ta ɗebo yumɓu a bakin rafi, ta zauna kusa da shanya, ta yi ta murzawa. Ƙananan kawuna take ginawa, kamar girman lemu, dukkansu da fuskokin yaran ajinta. Ga mai faɗin kunne, ga mai wushirya, ga wadda kullum take gyangyaɗi. In tana yi ba ta magana, sai 'yar waƙar majami'a a maƙogwaro. Ta taɓa ce mini sai ta gina kan yaro take gane abin da ke damunsa.

Yayan babana dattijon ikilisiya ne, shi ne kuma babban gida tun rasuwar babana. Wata Asabar ya zagayo neman akuyarsa, ya tarar da kawunan jere a kan katanga suna shan iska. Ya daɗe yana kallo.

"Malama, gumakan da iyayenmu suka ƙone ne kike dawo mana da su?"

"Baba, yarana ne na makaranta. Hutawa kawai nake yi."

Ya juya ya tafi. Kafin sati ya zagayo, magana ta cika gari: wai malama tana ɗaure kurwar yara a cikin laka. Wata mata da ɗanta ke kwance da zazzaɓi ta zo har ƙofar aji tana ihu a sakar mata ɗa.

Ranar Lahadi bayan sujada aka sa Mama ta kawo kawunan a cikin daro. Aka tara jama'a a filin majami'a, aka ce yaran ajinta su tsaya a gaba. Yayan babana ya miƙa mata taɓarya. Bai yarda ta fasa su a lokaci ɗaya ba. Sai ta ɗaga kai guda, ta faɗi sunan mai shi, sannan ta daka. Yara suka yi ta dariya, kowa na jiran nasa.

Na ƙarshe ya fi sauran girma, yana da gemu. Kowa ya gane babana, har shi yayan nasa. Mama ta riƙe shi a ƙirji.

"Daka," in ji shi.

Ta daka.

Aka sa ta a horo, aka hana ta cin jibin Ubangiji, aka cire ta daga zumuntar mata har damina ta wuce. Litinin ta koma aji kamar kullum. Amma ita da ba ta taɓa riƙe bulala ba, ta tsaya a hanya ta karyo reshen gwaba. Har yau in na haɗu da waɗanda ta koyar, abin da suke fara ce mini shi ne, "Kai, mamanki ta iya duka!"

Yanzu ni ma koyarwa nake yi, kusa da Gidan Waya. Kwanan baya aka tara mu malamai a Kafanchan, aka ce zane da gini suna sauke wa malami gajiya. Fasto ya buɗe taron da addu'a, aka raba mana fenti da yumɓu, aka yi ta ɗaukar hoto. Ban iya gina komai ba. Na ƙunshe nawa curin a leda na kai wa Mama.

Ta tsufa, ido ya yi rauni. Ta karɓa, ta danna shi da babban yatsa, ta daɗe tana juyawa. Sai ta miƙo mini.

"Akwai ramin ɓera a bayan buhun masara. Je ki toshe."