Ranar da Na Ɗora Waƙar Kaka a Waya

Ko zan manta da komai a sana'ar turare, ba zan manta da ƙarshen shekarar da na tallata asirin gidanmu da hannuna ba, ina yi ina rawa.

Mu 'yan Birni ne a Damagaram, amma asalinmu Barno. Barbarcin dai ya tsaya a bakin Kaka, mahaifiyar babanmu. Mu jikoki, daga gaisuwa sai zagi biyu uku muka iya. Turaren wuta ke ci da gidanmu: Kaka ke haɗawa, ni ke sayarwa, kuma awon haɗin ba a taɓa rubuta shi ba. Daga ita sai Goggo, 'yarta da ke aure a Diffa, suka san shi. Ni za a damƙa wa nan gaba, in ji Kaka, ranar da na yi hankali.

A shekarar aka kira mu ƙananan 'yan kasuwa wata formasiyo, wato horo, ta kwana biyu. Malamar ta ce Disamba watan bukukuwa ne, duk wadda ba ta shirya tallarta a waya tun Nuwamba ba sai dai ta ga ana yi. Ta ce mutane sun gaji da hoton kwalba, a nuna musu hannun da ke aikin. Na dawo gida kaina na hayaƙi. Na sayi forfen intanet na wata guda, na goge kwalabe, na rataya zanena mafi tsada a bango don hoto ya fito, har jadawali na zana a bayan kalanda.

Kaka ta dube ni sama da ƙasa. "Wayar taki hanci gare ta?"

"Kaka, zamani ne."

"To, Allah ya ba zamani lafiya."

Da ƙyar ta yarda in ɗauki hannunta kaɗai, ban da fuska. Ranar haɗi na durƙusa gefenta. Kasko a wuta, sukari na narkewa, tana zuba itacen sandal tana juyawa, tana rera wata waƙar Barbarci da na taso ina ji duk ranar haɗi. Malamar ta ce a sa wa bidiyo kiɗa, ni kuwa na ce wane kiɗa ya fi wannan? Da hantsi na ɗora a statu, na watsa a duk gurup ɗin matan da nake ciki.

Kafin azahar wayata ta yi zafi kamar dutsen guga. Komand, wato saƙon masu son saye, daga Maraɗi, daga Agadas, har Yamai. Wata uwar amarya ta ce a ajiye mata duk abin da ke kaskon. Na fito tsakar gida ina juyi da ludayi a hannu, kaji na watsewa, ina ce wa Kaka ta shirya, bana sai Makka. Yawancin masu aiko murya Barebari ne, kuma kowace sai ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Ku kam akwai kyauta." Ni sarkin wayo na riƙa amsawa da na gode.

Da la'asar Goggo ta kira. Ko gaisuwa ba ta bari na ƙarasa ba.

"Ke, kin san abin da tsohuwa ke faɗi a waƙar nan?"

"Ba yabon amarya ba ne, Goggo?"

"Awo ne. Hawi kaza, farce kaza, kajiji kaza, da wanda ake fara zubawa. Da waƙa aka koya mana don kada mu manta. Kin raba wa duniya."

Nan take na goge bidiyon, amma magana zarar bunu ce, tuni ya shiga wayoyin da ban san masu su ba. Tsoro ya kama ni sosai, don na san abincin gidanmu na taɓa.

Na je na durƙusa gaban Kaka, na faɗa mata, na kunna mata. Ta kasa kunne, sai ta fashe da dariya har da hawaye. "Ashe muryata ba ta tsufa ba. Sake kunnawa." Sau uku muka saurara, ni ma na shiga dariyar, ina cewa a raina na tsira.

"Awo ya tafi, ya tafi," in ji ta. "Lokacin sauke kasko ba ya cikin waƙa, sai sun ƙona goma kafin su gane." Ta goge ido da gefen gyale. "Abin da ya yi mini ciwo daban ne, 'yar nan. Tun kina goye nake rera miki gadonki. Matan da ba su san ƙofar gidanmu ba sun ji shi a yini ɗaya, ke ko sau ɗaya ba ki taɓa tambayata me nake cewa ba."

Kunya ta rufe ni.

Disambar nan mun yi cinikin da ba mu taɓa yi ba. Shekara na zagayowa kuma mata biyu a garin nan suka fito da turare mai kama da namu, suka janye mana wasu amaren har yau. Ni kuwa na koma ɗaliba a gindin murhu, ina koyon waƙar kalma-kalma, Kaka na dariyar karyayyen Barbarcina.

Har yanzu ina shirya tallar ƙarshen shekara tun Nuwamba, amma ba na ɗora abin da ban san ma'anarsa ba. Na kuma koyi cewa abin da tsoho ke maimaitawa kusa da kai, ka tambaye shi tun yana nan.